Yadda A Ke Gano Laifin Katin Awo In Ya Ƙi Aiki

Jama'a, malamai da ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani abu da ya faru a ɗakin gwaje-gwajenmu a zangon karatun da ya wuce. Wani ɗalibi na ajin ƙarshe yana shirin fita gwajin koyarwa, yana kuwa so ya nuna wa yaran sakandare yadda lantarki ya ke hawa yana sauka kamar igiyar ruwa. Ya sami kwamfuta da katin awo, ya rubuta umarninsa, ya haɗa wayoyi da madubin lantarki, watau na'urar nan mai gilashi da a ke kira osiloskof. Da ya kunna, sai igiyar ta fito sumul a kan gilashin, kowa ya yi murna. Ba a jima ba sai ta miƙe ta zama layi ɗaya. Ya sake ba da umarni, kwamfuta ta ƙi karɓa. Sai ga shi a ofishina ransa a ɓace, ya ce, "Malam, katin nan ya ƙone."

Na ce masa, "Zauna tukuna. Sakan nawa ya yi yana aiki kafin ya tsaya?" Ya ce bai duba agogo ba. Muka koma tare, muka kashe kome muka kunna, na riƙe agogona a hannu. Sakan uku da 'yan kai, sai layi ya miƙe. Muka sake, sakan uku da 'yan kai. Na ce masa abin da ya ƙone ba ya kiyaye lokaci haka. Lalle akwai wani abu da ke ƙarewa a cikin sakan uku, sai mu nemo shi.

Wannan magana ta shafe mu duka. Irin waɗannan kaya daga ƙasashen waje a ke sayo su da kuɗi masu yawa. In malami ya ce abu ya lalace, sai a sa shi a kabad a kulle, yara su gama makaranta ba su taɓa ganinsa yana aiki ba, alhali kuwa lafiyarsa lau. Waɗansunku kuma za su ci gaba da karatun fasaha, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Mubi, ko a Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a garin nan a 2002, ko wani wuri dabam. Duk wanda ya bi hanyar injiniya ko kimiyyar lantarki zai iya gamuwa da irin wannan kati. Don haka bari mu dube shi tun daga tushe.

Mene ne katin awo?

Abubuwan da mu ke aunawa a duniya gudana su ke yi, ba tsalle ba. Zafin rana a watan Afrilu ba ya tashi daga 30 ya dira a 40 farat ɗaya, sai ya bi ta kowane mataki da ke tsakani. Haka ruwan kogin Yedzaram ya ke cikowa da damina. Irin wannan awo mai gudana shi masana su ke kira analog. Ita kuwa kwamfuta ba ta san kome ba sai ƙidaya, ɗaya, biyu, uku, watau abin da a ke kira dijital. Katin awo shi ne tafinta tsakaninsu. Wani allo ne da a ke cusawa cikin kwamfuta, wani kuma ɗan akwati ne da a ke haɗawa da ita ta wayar USB.

Aikinsa iri biyu ne. Yana da ƙofofin shiga, inda ya ke karɓar lantarki daga ma'aunin zafi ko na nauyi ya mai da shi lamba. Yana kuma da ƙofofin fita, inda ya ke karɓar lamba daga kwamfuta ya mai da ita ƙarfin lantarki, don a juya inji, ko a ƙara zafi, ko a fitar da sauti. A kan ƙofar fita za mu yi magana yau. Kada ku ɗauka baƙon abu ne. Kowace wayar hannu tana da irinta, gama ita ce ke mai da lambobin da ke cikin waya su zama muryar da ku ke ji. Faifan CD, wanda ya fito kasuwa a 1982, lamba 44,100 ya ke bayarwa a kowane sakan domin kowane kunne.

Ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa bolt, an ciro shi daga sunan Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙera batir a 1800. Katuna da yawa suna fitar da daga bolt 10 ƙasa da sifiri zuwa bolt 10 sama da sifiri, watau faɗin bolt 20 ke nan. In an ce kati mai bit 16 ne, ma'anarsa ya raba wannan faɗi zuwa mataki 65,536. Ku yi lissafi za ku ga kowane mataki bai kai sulusin kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba.

Hanya biyu ta ba kati lamba

Hanya ta farko ita ce hannu da hannu. Manhajarka ta miƙa wa kati lamba ɗaya, ta jira ya fitar da ita, sa'an nan ta miƙa ta biyu. Wannan hanya mai sauƙi ce, kuma ta isa in aikin ba na gaggawa ba ne, kamar ƙara zafin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai sau ɗaya a sakan. Amma lokacin fitar kowace lamba yana hannun kwamfuta, ita kuwa kwamfuta kamar hedimasta ta ke ranar buɗe makaranta, baƙi sun cika ƙofa, kowa yana neman a saurare shi. Wani lokaci ta miƙa lamba da wuri, wani lokaci ta makara. Igiyar da aka yi ta haka sai ta fito a karkace.

Hanya ta biyu ita ce wadda ɗalibin nan ya bi. A nan kwamfuta ba ta tsayawa jiran kati, kati kuma ba ya jiran kwamfuta. Kwamfuta ta kan zuba lambobi da yawa a wani ma'aji cikin ƙwaƙwalwarta, ta tafi sha'aninta. Shi kuwa kati yana da agogonsa na kansa, duk bugun agogo sai ya ɗauki lamba ɗaya daga ma'ajin ya fitar. Kowa yana tafiya da agogonsa. Da haka a ke samun igiya mai kyau, kuma a nan ne yawancin wahala ta ke.

Ga misalin da zai sa ku riƙe abin. Ku ɗauki ma'ajin nan kamar randa ce wadda aka huda gindinta aka sa mata famfo. Famfon yana ɗiga daidai wa daida, ba ya sauri, ba ya jinkiri. Kwamfuta kuwa ita ce mai ga-ruwa, wanda ya ke turo kurarsa da jarkoki lokacin da ya samu dama, gama yana da gidaje da yawa da zai kai wa. Muddin da ruwa a randa, ba ruwan famfo da lokacin da mai ga-ruwa ya zo. Amma ranar da ya makara har randa ta ƙafe, famfo ya tsaya. Katin awo kuwa in randarsa ta ƙafe sau ɗaya, yawanci ba ya ci gaba ko da an kawo ruwa daga baya. Sai ya dakatar da aikin, ya ba da labarin kuskure. Dalili shi ne an riga an saɓa alkawarin lokaci, kuma gara a faɗa maka da a rufe ka.

Tsakanin manhajarka da kati akwai wata ƙaramar manhaja da a ke kira direba, ita ce ta san harshen katin. A kwamfutocin da ke aiki da Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, akwai tarin direbobin katunan awo da a ke kira Comedi. Da shi zan riƙa ba da misali, amma ƙa'idar ɗaya ce ko da wane direba ka ke aiki.

Bincike daki-daki

Babbar doka ita ce, kada ka sake abu biyu a lokaci ɗaya. In ka canja waya ka kuma canja umarni, abin ya gyaru, ba ka san wanne ne ya yi magani ba, gobe kuma in ya dawo ka rasa ta yi. Ka sami littafi ka riƙa rubuta abin da ka gwada da abin da ka gani. Sa'an nan ka bi waɗannan matakai bi da bi.

Na farko, ka tabbata katin yana da rai. Ka ajiye maganar randa tukuna, ka koma hanyar hannu da hannu. Ka cire duk abin da ka haɗa da ƙofar fita, ka sa mita kaɗai. Ka umarci kati ya ba da bolt 1, ka duba mita, sa'an nan bolt 5, sa'an nan sifiri. In mita ta yarda da abin da ka nema, katinka bai ƙone ba, ka fid da wannan daga ranka. In ba ta nuna kome ba, duba ko a kan ƙafar da ta dace ka sa waya, gama ƙafafun suna da yawa kuma ƙanana ne. Ka tuna kuma a wajen kwamfuta daga sifiri a ke fara ƙidayar ƙofofi, watau ƙofar farko ita ce ta sifiri.

A nan akwai wani rami da ya kan kama sababbi. A Comedi, lambar sifiri ba ta nufin bolt sifiri. Tana nufin matakin da ya fi kowanne ƙasa. In faɗin katin daga bolt 10 ƙasa da sifiri ya fara, ka aika masa da 0, to bolt 10 ƙasa da sifiri zai ba ka. Lamba 65,535 ita ce bolt 10 sama. Wanda ya ke son bolt sifiri sai ya aika da ta tsakiya, wajen 32,768.

Na biyu, ka tabbata katinka ya iya hanyar randa. Ba kowane kati ne ke da agogo a ƙofar fita ba. Misali, ɗan akwatin nan USB-6008 na kamfanin National Instruments yana da ƙofofin fita biyu, amma hannu da hannu kaɗai su ke aiki, kuma ba su wuce lamba 150 a sakan. Katin PCI-6221 na wannan kamfani kuwa yana da agogo a ƙofar fita, yana iya fitar da dubban ɗaruruwan lambobi a sakan. Allon Arduino Uno da ɗalibai su ke so ƙwarai ba shi ma da ƙofar analog ta ainihi a wajen fita. Kunna bolt 5 ya ke yi yana kashewa da sauri, wajen sau 490 a sakan a yawancin ƙafafunsa, mita kuma ta nuna maka matsakaicin abin. Saboda haka ka karanta takardar katinka kafin ka tilasta masa abin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Na uku, ka bi jerin aiki yadda ya ke. Matakai huɗu ne. Ka rubuta umarni, watau wace ƙofa, lamba nawa a sakan, kuma yaushe za a tsaya. Ka miƙa wa direba ya duba, ya karɓa. Ka zuba lambobi a randa. Daga nan ne ka ke jan kunama, watau alamar da ke gaya wa kati ya fara, kamar kunamar bindiga. Wanda ya ja kunama randa ba kome, aikin ya mutu tun bai fara ba. Wanda kuma ya cika randa ya manta da kunama, sai ya zauna yana jira har la'asar, ba kuskure, ba lantarki. In kuwa ka gaya wa kati ya jira alamar farawa daga wata waya ta waje, ka tabbata wayar tana nan, kuma tana ba da alamar.

Na huɗu, ka auna lokacin da aikin ya ke yi kafin ya tsaya, ka yi lissafi. Wannan shi ya warware mana matsalar ɗalibin nan. Randarsa tana cin lamba 32,768, ya kuwa nemi kati ya fitar da 10,000 a sakan. Ku raba 32,768 da 10,000 za ku sami sakan uku da 'yan kai, daidai abin da agogona ya nuna. Ashe ya cika randa sau ɗaya ne, bai rubuta wa mai ga-ruwa ya riƙa dawowa ba. Da ya gyara manhajarsa ta riƙa duba randa tana ƙara lambobi tun kafin ta kai rabi, igiyar ta yi ta tafiya har muka gaji muka kashe.

Ku lura da yadda lissafin ya ke sauyawa. Wannan randa in lamba 1,000 a ke ɗiba a sakan, za ta kai fiye da rabin minti. In 100,000 ne, sulusin sakan kaɗai za ta yi. In kuma ƙofa biyu su ke sha daga cikinta, a raba lokacin biyu. Har wa yau, kwamfuta da wani mudu ta ke awon randa wanda a ke kira bayit, kuma kowace lamba mai bit 16 bayit biyu ce. Wanda ya rikita mudun nan, rabin abin da ya ke zato ya zuba shi ne ya shiga.

Kwamfuta kuma ba ta yin shiru, ta kan faɗi abin da ya same ta, sai dai mu ne ba mu karantawa. A Linux da Comedi, in randa ta ƙafe, sai a mayar maka da kuskuren da a ke kira EPIPE, mai lamba 32. In kuma ka nemi fara sabon aiki alhali direba yana riƙe da tsohon, sai ka ga EBUSY, mai lamba 16, watau yana da aiki a hannu. Maganinsa shi ne ka soke tsohon umarni kafin ka ba da sabo. Kowane umarni da ka aika, ka sa manhajarka ta duba amsar da aka ba ta, ta kuma nuna maka.

Na biyar, ka tambayi kati ainihin saurin da ya yarda da shi. Agogon kati ba ya iya kowane sauri. Yana da bugu ɗaya na asali, sai ya raba shi da cikakkiyar lamba. A ce yana bugawa sau 20,000,000 a sakan, kai kuwa ka nemi 44,100. In aka raba, amsar tana tsakanin 453 da 454, dole ya zaɓi ɗaya. In ya zaɓi 453, zai riƙa ɗibar wajen lamba 44,150 a sakan. To in manhajarka tana zuba 44,100 bisa agogon kwamfuta, kowane sakan randa tana raguwa da lamba 50. Randa mai 32,768 za ta ƙafe bayan wajen minti 11. Irin wannan laifi shi ya fi ba da haushi, gama da ka gwada na minti biyu sai ka ga lafiya lau, sai ka tsaya gaban aji ya kunyata ka. Direba ya kan gyara lambar da ka nema ya mai da ita wadda kati zai iya, don haka ka karanta abin da ya mayar maka. Kuma kada mai ga-ruwa ya dogara da agogonsa, ya riƙa leƙa randa ya zuba gwargwadon abin da ta ragu.

Na shida, in lantarki yana fita amma siffarsa ba daidai ba, ka haɗa ƙofar fita da ƙofar shiga ta katin da gajeriyar waya, ka ɗauki abin da ya ke fitarwa ka kwatanta da abin da ka aika. In ka ga igiya kamar matakalar bene, lambobinka sun yi kaɗan. Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949, dukansu a Amurka, sun nuna cewa dole yawan lambobi a sakan ya wuce ninki biyu na yawan zagayen igiyar. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Mai son igiya mai kyan gani a kan gilashi sai ya ba kowane zagaye lamba 20 ko fiye. In kuma igiyar tana da kyau amma tana ɗan karyewa lokaci lokaci, duba jerin lambobin da ka ke maimaitawa. Igiya mai zagaye 50 a sakan, a saurin lamba 1,000, kowane zagaye lamba 20 ne. Dole jerin ya zama 20, ko 40, ko 200. In ya zama 210, ƙarshensa ba zai haɗu da farkonsa ba. Mai aiki da ƙofa biyu kuma ya sani a jere a ke zuba lambobinsu, ɗaya ta wannan, ɗaya ta waccan. In ɗaya ta ɓace, sai ƙofofin su yi musanyar igiya.

Na bakwai, sai ka mai da kayan da ka cire, ɗaya bayan ɗaya. In lantarki ya faɗi da zarar ka haɗa wani abu, kayan ya fi ƙarfin katin. Ƙofar fita umarni ta ke bayarwa, ba ta ɗaukar kaya. Ta PCI-6221 ba ta wuce kashi 5 cikin dubu na amfiya. Bisa dokar da Georg Ohm na Jamus ya bayyana a 1827, a bolt 10 kayan da ka haɗa kada ya gaza om 2,000. Lasifika mai om 8 ko ƙaramin inji suna bukatar amfilifaya a tsakani. In kuwa ka ga wata ƙaramar rawa ta hau kan igiyarka, ka ƙidaya ta. In sau 50 ce a sakan, daga wutar gida ta ke, gama wutar Nijeriya sau 50 ta ke juyawa a sakan. Ka gajarta wayoyi, ka nisanta su daga na wuta, ka sa kwamfuta da madubin lantarki a soket ɗaya. Janareta da inbata su ma su kan kawo tasu rawar. Amma ko kusa kada ka yanke wayar ƙasa ta soket don neman igiya mai kyau, domin ita ce ke tsare ranka.

Aikin kan kari

Wani zai ce, to me zai hana a yi babbar randa a huta? In igiya ce da ka riga ka san siffarta, haka ne ya fi. Amma in kati yana auna abu yana kuma gyara shi nan take, kamar riƙe saurin inji, babbar randa cuta ce. Lambar da ka zuba yanzu sai ta bi layi, ba za ta fita ba sai na gabanta sun ƙare, kafin nan inji ya riga ya sake hali. Dole randa ta zama ƙarama, mai ga-ruwa kuma kada ya makara ko sau ɗaya. Wannan shi ne aikin kan kari. Ma'anarsa cika alkawarin lokaci kowane karo, kamar mai buga ƙararrawar makaranta. In ya buga ta ƙarfe takwas daidai kwana ɗari, rana ɗaya ya makara da minti goma, ranar duk darussa sun rikice.

Don wannan bukata aka yi wa Linux ƙari iri iri, kamar RTAI da aka fara a birnin Milan na Italiya, da Xenomai da ya fito a 2001. Wani gyaran kuma mai suna PREEMPT_RT an shigar da shi cikin Linux kansa a 2024. Dukansu suna ba aikin gaggawa fifiko a kan sauran. Amma fifiko ba ya amfani in ka ɗora wa mai ga-ruwa aike. Kada ka sa rubutu a kan gilashi ko ajiya a faifai cikin zagayen da ke cika randa. Ka ba wani sashe na manhaja wannan aiki, ya yi shi a sannu.

Kada kuma ku ji kunya in irin wannan ya same ku, ya sami manyan injiniyoyi ma. A ranar 4 ga Yuli 1997 kumbon Amurka mai suna Pathfinder ya sauka a duniyar Mars. Ba a daɗe ba kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi. Abin da ya faru shi ne, wani ƙaramin aiki na tattara labarin yanayi ya riƙe wani makulli da babban aiki ya ke bukata, waɗansu ayyuka matsakaita kuma suka hana ƙaramin samun damar gamawa ya saki makullin. Babban aiki ya makara, mai tsaron lokaci ya ga an saɓa alkawari ya sake tayar da kwamfutar. Injiniyoyin ba su ce ta ƙone ba. Suka ɗauki irinta da ke wurinsu a ƙasa, suka yi ta gwadawa suna rubuta duk abin da ta yi har laifin ya bayyana a gabansu, sa'an nan suka aika da gyara ta rediyo.

Gargaɗi biyu

Na ɗaya, yawancin katuna in aiki ya tsaya ba su komawa sifiri, sai su riƙe lambar ƙarshe. Layin nan da ɗalibinmu ya gani a gilashi, lambar ƙarshe ce kati ya riƙe. A gilashi ba kome, amma a ce akwatin ƙyanƙyasa ne. Ƙwan kaza yana son zafin da ya kai wajen digiri 37 da rabi har kwana 21. In aikin ya tsaya lokacin da umarnin ƙarshe shi ne a ƙara wuta, kafin gari ya waye an dafa ƙwan. Don haka ka sa manhajarka ta mai da ƙofa sifiri duk lokacin da za ta tsaya, ko da kuskure ne ya tsai da ita. Kowane abu mai zafi ko mai juyawa kuma a sa masa abin yanke wuta nasa dabam wanda bai dogara da kwamfuta ba.

Na biyu, lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga tana tartsatsi in an tuɓe ta da dare, wannan tartsatsin yana iya kashe kati da gaske. Kafin ka taɓa shi ka kashe kwamfuta, ka dafa ƙarfen jikinta, ka riƙe katin ta gefe, kada ka sa yatsa a kan ƙafafunsa. In ka cire shi ka mai da shi cikin jakar da ya zo da ita, ka rufe kwamfuta saboda ƙura.

Ɗalibin nan ya tafi gwajin koyarwarsa da katin da ya ce ya ƙone, ya kuwa dawo ya ce mini yaran sun yi ta roƙo a sake musu saurin igiyar su gani. Ku ma in kuka je makarantun da za a tura ku, kuka tarar da kaya a kulle an ce sun lalace, ku nemi izinin hedimasta ku buɗe kabad. Ku tafi da mita, da agogo, da littafin rubutu, ku fara daga mataki na farko.

Kafin in ajiye alƙalami ga ɗan aikin gida. Randa tana cin lamba 32,768. Ƙofa huɗu su ke sha daga cikinta, kowace tana ɗibar lamba 2,000 a sakan. In mai ga-ruwa ya cika ta ya tafi, sakan nawa ya ke da shi kafin ta ƙafe? In kuma dokarsa ita ce ya dawo kafin ta kai rabi, yaushe ya kamata a gan shi? Wanda ya samu amsa ya rubuta ya kai wa Edita, tare da yadda ya yi lissafinsa.